Takardar da Ba Ta Tsallake Ruwa

Tun da na dawo daga Landan ban huta da tambaya ba. A wurin aiki, a masallacin unguwa, har wurin mai gyara mini babur, kowa sai ya ce, "Malam Sabo, yaya Ingila?" In ce lafiya lau, sanyi ne kawai. Abokaina na majalisa suka ce wannan ba amsa ba ce, mutum ya yi mako uku a ƙasar Turawa ya dawo babu hoto, babu labari, ga shi ya rame. Gaskiyarsu. To ga labarin, zan faɗe shi sau ɗaya in huta. Na nemi izinin mai shi, ta ce in faɗa amma in sauya sunaye, na kuwa sauya.

Ba yawo ya kai ni ba, aikena aka yi. Ƙanwata Rukayya tana aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti a can. Mijinta Kabiru ɗan aminin marigayi mahaifinmu ne, aji ɗaya muka yi da shi a firamare. Ya jima a Beljiyam kafin ya koma Landan, fasfon Beljiyam ne ma a hannunsa. Bara labari ya iso Kano cewa Rukayya ta bar gidansa, ta kuma kai shi kotu. Iyakar abin da muka ji ke nan, kuma daga bakin danginsa muka ji. In Inna ta kira ta, sai ta ce, "Inna, ki yi mini addu'a kawai." Da Inna ta gaji sai ta kira ni ɗaki.

"Sabo, kai ne ubanta yanzu. Ka je ka zaunar da su. A gidan nan ba a taɓa kai miji gaban alƙali ba."

Ana gobe zan tashi mahaifiyar Kabiru ta aiko da ƙunshi in kai wa ɗanta: kilishi, huluna biyu da wasiƙa.

Jirgi bai ba ni wahala ba, sai da muka sauka. Ma'aikacin shige da fice ya duba fasfona ya ce a ina zan sauka. Na miƙa masa adireshin da Rukayya ta turo, wanda ba nata ba ne, na wata ce wai Anti Saratu. Ya ce wace ce ita a wurina. Na ce ƙawar ƙanwata ce. Ya ce me ya hana ni sauka gidan ƙanwar tawa. Wallahi ban sani ba, kuma haka na gaya masa. Aka zaunar da ni a benci kusan awa guda ina kallon mutane suna wucewa, zufa na keto mini a cikin wannan sanyin. Sai da suka buga wa Rukayya waya sannan aka sake ni. Ina zuwa wurin kaya wani kare ya zo ya zauna daram a gefen jakata. Wata ma'aikaciya ta sa safar hannu ta ciro kilishin da yatsu biyu, ta ce ba a shigowa da nama. Na ce busasshe ne. Ta ce ta gani, ta jefa shi cikin wani kwando. Hulunan da wasiƙar dai suka tsira.

Anti Saratu ce ta tarye ni. Mutuniyar Jos ce, Kirista, tana aiki a gidan kula da tsofaffi, Hausarta kuwa ta fi tawa daɗi. Ta ɗauki jakata mai nauyi kamar ba komai ba ta ce, "Ƙanena, ka yi haƙuri, za mu ɗan yi zagaye." Muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa da suke ce wa tube, muka sauka, muka shiga wani jirgin, muka sake sauka a Croydon, muka hau wani mai tafiya a tsakiyar titi tare da motoci. Duk inda muka sauka sai ta tsaya kamar tana gyara takalmi, ta duba bayanmu. Na zaci halinta ne.

Flat ɗin Rukayya a hawa na uku yake, ɗaki ɗaya da ɗan falo wanda bai kai zauren gidanmu ba. Anti Saratu ta ƙwanƙwasa, ta faɗi sunanta, sannan na ji ana cire sakata, ɗaya, biyu, uku. Rukayya ta rungume ni tana kuka tana dariya. Ta faɗa sosai, kuma in za ta saurare ka sai ta juyo da kunnenta na dama. Falon cike yake da kwalaye a ɗaɗɗaure, a tsakiyarsu aka shimfiɗa mini katifa.

Ta yi mini tuwon semo da miyar kuka, na ci kamar ban taɓa ci ba, don abincin jirgi ba gishiri ba yaji. Bayan mun yi la'asar na gyara zama na fara abin da ya kawo ni. Na yi maganar zumunci, na yi maganar haƙuri, na ambaci Baba da amininsa. Ta bar ni na gama, sannan ta ɗauko wata takarda a cikin leda mai haske ta ajiye a gabana.

"Yaya, wannan odar kotu ce. Alƙali ya hana shi zuwa kusa da inda nake, ya hana shi kirana, ya hana shi aiko kowa da saƙo. In ya karya, 'yan sanda za su kama shi."

"Mijin naki?"

"Shi. Kuma zan bar ƙasar. Na samu aiki a Holan, a Rotterdam. Na yi booking ɗin jirgin ƙasa, Litinin ta sama da safe. Don Allah, Yaya, kada ka neme shi."

Na ce to. Amma a raina na ce yarinta ce da zugar Turawa. A gida in aure ya rikice manya ne ke zama, a yi faɗa, a yi nasiha, a tashi. Ina aka taɓa ganin takarda ta shiga tsakanin mutum da matarsa?

Kwana uku na yi ina kallon garin ta taga, sai ɗan fita shagon ƙasa. Mutanen nan ba sa gaisuwa. Na yi wa maƙwabcin Rukayya sallama a matakala har sau biyu, ya dube ni kamar zan roƙe shi wani abu. Amma in ka taka wa mutum ƙafa a mota shi zai riga ka ba da haƙuri. Anti Saratu ta saya mini kifi da dankali a cikin takarda, wai abincinsu ne na ƙasa. Na nemi yaji, aka miƙo mini wani ruwa mai tsami.

Ranar Juma'a na ce wa Rukayya zan je babban masallacin Regent's Park. Ba ƙarya na yi ba, sai dai ban gaya mata cewa na riga na aika wa Kabiru saƙo mu haɗu a can ba. Masallacin ya cika, Larabawa, 'yan Fakistan, Somaliyawa, har na ji Hausa a wurin ajiye takalma. Da aka idar ya same ni a bakin shagon littattafai. Ya durƙusa har ƙasa a gaban mutane yana cewa, "Yaya, sannu da hanya." Sa'ana ne, amma tun da ya auri ƙanwata haka yake kirana. Ya kai ni wani wurin shan shayi, na ba shi hulunan da wasiƙar. Ya karanta, hawaye suka zubo masa. Ya ce shaiɗan ne, ya ce ƙawaye ne suka hure mata kunne, ya ce shi ko yau ta dawo ya yafe.

Tausayinsa ya kama ni. Na ce, "To Kabiru, sai ka yi sauri ka nemi manya su sa baki, don ranar Litinin za ta bar ƙasar."

Ya ajiye kofin. "Zuwa ina?"

"Holan. Rotterdam, in ji ta."

"Jirgin sama?"

"Na ƙasa, da safe."

Ban taɓa ganin hawaye ya bushe da sauri haka ba. Ya jingina da kujera, ya yi wani ɗan murmushi, ya ɗauki hula ɗaya yana juya ta a yatsa.

"Yaya, ka san takardar nan da take tinƙaho da ita ba ta tsallake ruwa? Da can tana tsallakewa. Tun da Birtaniya ta fita daga Tarayyar Turai, iyakarta bakin teku. Ka gaya mata ina gaishe ta. Ka ce ni ma na yi kewar can ɓangaren."

Na tashi ban san me na ce masa ba. A tube na hau wanda ke zuwa arewa maimakon kudu, sai da na wuce tasha biyar na lura. Duk wanda ya shigo da baƙar jaket irin ta Kabiru sai in ɗauka shi ne. Da na iso Croydon na kama kaina ina tsayawa ina duba baya, yadda na ga Anti Saratu tana yi.

Na gaya wa Rukayya a tsaye, ko takalmi ban cire ba. Ba ta yi ihu ba, ba ta zage ni ba. Zama ta yi a ƙasa tsakanin kwalayen.

"Ka gaya masa garin?"

"Na gaya masa."

"Da ranar?"

Na sunkuyar da kai.

Ta ɗaga ɗankwalinta ta nuna kunnenta na hagu. "Wannan ba ya ji, Yaya. Da ƙofar firji ya haɗa kaina. Ya taɓa kulle ni a banɗaki kwana biyu ya tafi da wayata. Bayan na gudu wurin Anti Saratu, sau uku ina fitowa daga aiki in same shi tsaye a tsallaken titi. Ba ya cewa komai, kallona kawai yake. Ban gaya wa Inna ba saboda hawan jininta. Kai kuma na san abin da za ka ce, shi ne ka faɗa ranar da ka iso."

Wayata ta yi ƙara, saƙon murya ne daga Kabiru. Muka saurara tare. Muryarsa a sanyaye, kamar mai ba da shawara: in gaya wa Rukayya ta ɗauki rigar ruwa, Rotterdam gari ne mai iska, kuma ya san hanyoyinsa.

"Kada ka goge," in ji ta.

Washegari Asabar lauyarta ta yarda ta gan mu a ofishinta kusa da Aldwych. Muka bi ta cikin cunkoson jajayen motoci masu bene da ɗalibai da masu layin shiga gidajen wasa, Rukayya a tsakiya, ni da Anti Saratu a gefe da gefe. Lauyar dattijuwa ce mai furfura, ba ta ɓata lokaci ba. Rukayya ta tambaye ta ko gaskiya Kabiru ya faɗa.

Ta ce gaskiya ya faɗa. A da, in kotun Ingila ta ba ka irin wannan oda, sai a haɗa maka da wata takardar shaida, ka shiga da ita kowace ƙasa ta Tarayyar, a ɗauke ta kamar kotunsu ce ta bayar. Bayan fitar Birtaniya wannan ya tsaya. Ingila dai ta ci gaba da karɓar irin waɗannan takardu in daga can aka kawo su, amma nata ba su da wannan ƙarfi a can. In Rukayya ta isa Holan sai ta nemi lauya a can, ta shigar da sabuwar ƙara, ta kai wannan odar a matsayin hujja. Za a saurare ta, amma abu ne mai ɗaukar lokaci.

Na ce, "To kafin lokacin fa?"

Ta dube ni ta saman tabarau. Ta ce in ya taɓa ta ko ya yi mata barazana, laifi ne a can kamar yadda yake a nan. Amma in tsayawa kawai ya yi a tsallaken titi yana kallonta, ɗan sandan can ba zai kama shi don wannan takardar ba.

Na yi tunanin yadda muke shiga Maraɗi daga Katsina, dangi a nan dangi a can, in mutum ya addabi 'yarka ka san gidan kawunsa ko a wane ɓangare yake. Nan kuwa jirgi zai ratsa ƙarƙashin teku cikin 'yan mintuna, ya fito da ƙanwata inda ba ta da kowa, takardar ma ta zama ta nuni kawai.

Lauyar ta saurari saƙon muryar sau biyu. Ta ce aiko saƙo ta hannun wani karya oda ne, kuma a Landan aka yi shi, inda odar ke aiki. Amma sai na yarda na ba 'yan sanda bayani da bakina, da sa hannuna. Ta ce wa Rukayya kada ta kuskura ta hau jirgin Litinin.

A hanyar komawa hankalina ya koma Kano. Ina tunanin mahaifiyar Kabiru, wadda ta sha ba ni fura a gidansu muna yara. A ce ni na kai ɗanta hannun 'yan sanda a ƙasar wasu? Wani ɓangare na zuciyata yana cewa ƙila cika baki ne kawai yake yi. Anti Saratu ta gane. Ta ce, "Ƙanena, in ka ga dama mu je tashar jirgin ranar Litinin, ni da kai. Rukayya ta soke tikitinta, ta zauna a gida ta kulle ƙofa. In bai zo ba, shi ke nan."

Muka je da sassafe. Tashar St Pancras babba ce, shaguna ta ko'ina, a ƙasa kuma akwai layin masu tsallakawa, inda ake duba fasfo tun kafin a hau jirgi. Muka tsaya a bayan wani ginshiƙi. Minti ashirin, talatin. Har na fara jin sanyi a raina, ina shirin ce wa Anti Saratu ta gani ko, sai ta matse mini hannu.

Kabiru ne zaune a bakin wani shagon kofi, ya fuskanci layin, da 'yar jaka a kan cinyarsa da fasfo a hannu. Ɗaya daga cikin hulunan da na kawo ce a kansa. Duk macen da ta wuce da ɗankwali sai ya miƙe wuya.

Ban san lokacin da ya hango ni ba. Kawai na gan shi a gabana.

"Ina take?"

"Ba ta zo ba."

Ya kama wuyan hannuna. Ban taɓa sanin yana da ƙarfi haka ba, na ji ƙashin yana neman motsawa. Fuskarsa kuwa da murmushi, duk mai wucewa zai ɗauka gaisawa muke.

"Sabo," ya ce, yau babu Yaya, "matata ce. Ko ina ta shiga zan same ta. Kai kuma baƙo ne a nan, ka kula da kanka."

Minti ɗaya ya riƙe ni, kuma a cikin mutane. Na tuna Rukayya ta yi shekara huɗu da wannan hannun a ɗaki ɗaya, ƙofa a rufe.

Anti Saratu ce ta ɗaga murya da Turanci ta ce ya sake ni, tana ɗaukarsa a waya. Mutane suka juyo. Ya saki hannuna, ya gyara hularsa, ya bi cikin jama'a ya fice.

Daga tashar muka wuce ofishin 'yan sanda. Awa uku na yi ina bayani, wata 'yar sanda tana rubutawa. Ta ce in faɗi kalmominsa yadda ya faɗe su, da Hausa, sannan aka samo mai fassara ta waya. Da ta tambaye ni yadda aka yi ya san ranar tafiyar, na ce ni na gaya masa. Ta rubuta. Na sa hannu. Bayan kwana biyu suka kama shi, suka sake shi bisa sharuɗɗa, maganar tana jiran kotu. Lauyar ta ce wannan zai ƙara wa Rukayya hujja a can, amma kada mu ɗauka ya zama katanga.

Sauran kwanakin ba mu fita ba sai dole. In aka taɓa ƙofar wani a benen sai mu yi tsit, mu dubi juna. Rukayya ta yini tana waya da mutanen da suka ɗauke ta aiki, ta gaya musu gaskiya. Suka ce suna da wani reshe a wani garin, za su mayar da ita can, suka kuma haɗa ta da wata lauya da za ta shigar da ƙarar tana isa.

Ranar da za ta tafi wata mota ta zo da hantsi, mijin wata abokiyar aikinta ne ya tuƙo. Na sauko da kwalayen hawa uku, Anti Saratu tana tsaye a bakin titi tana duba hagu da dama. Da muka gama Rukayya ta riƙe hannuna, wanda har lokacin yake da shatin yatsu.

"Yaya, bari in rubuta maka sunan garin, ko don Inna."

Na ce, "Kada ki rubuta."

"Ai na san ba da gangan ka yi ba."

"Shi ya sa. In na koma za su zo, su gaishe ni, su yi kuka, su tambaye ni. Ban yarda da bakina ba. Ki riƙa kiranmu kawai."

Ta dube ni, ta gyaɗa kai, ta shiga motar. Ban tambayi ko tashar jirgin ruwa za su ko filin jirgin sama ba.

Na dawo Kano bayan kwana uku. Tun kafin in kwance jaka mahaifiyar Kabiru ta aiko a ce mini ta ji abin da na yi wa ɗanta, ta bar ni da Allah. Na shiga wurin Inna na rufe ƙofa, na gaya mata komai, har da kunnen. Ta ajiye carbinta. Sannan ta ce, "Ni ce nake ce mata ta yi haƙuri."

Rukayya tana kira duk Lahadi, da lambar da ba ta fitowa a waya. An shigar da ƙarar, ba a kai ga zama ba tukuna. In Lahadi ta yi, Inna ba ta cin abinci sai wayar ta yi ƙara. Makon jiya kiran ya yi jinkirin awa biyu, muna zaune ni da ita a tsakar gida, wayar a kan tabarma tsakaninmu. Da ta yi ƙara Inna ta riga ni ɗauka. Ba ta tambaye ta inda take ba. Cewa ta yi, "Rukayya, kin kulle ƙofa?"